Bayan Masifa Ta Wuce: Aikin Sistocin Tibiri Da Abin Da Za Mu Koya

Muna gaida ɗaliban Safo da na ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin gundumar Madarumfa, jihar Maraɗi. Wannan hira an yi ta a rediyo. Ga ta an buga muku a takarda. Ku karanta ta sannu a hankali. Ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Yau za mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan masifa. In ruwa ya ci gari, ko fari ya ƙone gonaki, kowa na ji. Rediyo na faɗa. Manyan motoci na zuwa da buhuna. Bayan wata biyu ko uku, motoci sun koma, rediyo ya shiga wata magana. To, a lokacin ne wahalar talaka ke farawa. Wa ke tsayawa tare da shi? Za mu ba ku labarin waɗansu mata da suka tsaya. Su ne sistocin ɗariƙar Katolika da ke Tibiri. Bayan haka za mu ga abin da ku kanku za ku iya yi a garinku.

Masifun da ƙasarmu ta sani

Ku mutanen Safo kun san Gulbin Maraɗi. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, a Najeriya. Yana shigowa Nijar ta wajen Jibiya. Yana ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi, ya wuce Tibiri, sannan ya koma Najeriya. Ruwan da ya wuce ta wajenku shi ne ke isa Tibiri. Ashe ku da mutanen Tibiri maƙwabta ne, gulbi ɗaya kuke sha.

Gulbi arziki ne. Saboda shi ake noman fadama, ake samun zogale da tumatir da rani. Amma gulbi yakan yi fushi. A shekarar 1945 ya cika ya ci tsohon birnin Maraɗi, wanda ke cikin kwari. Dalilin da ya sa ke nan aka mai da birnin bisa tudu, inda yake yanzu.

Wata shekara kuma ruwan ne ke ƙi zuwa. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar 1913 da 1914, wadda suka kira Kakalaba. Dattawan da ke cikinku sun ga farin 1973 da 1974. Sun ga na 1984 da 1985. A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da dama, farin dango kuma ta sauko ta cinye abin da ta tarar. Shekarar da ta biyo, 2005, ta zama shekarar kuka.

Abin da ya faru a 2005

A damanar 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da kuɗin saye. Mutum kusan miliyan 3 suka shiga wahalar abinci a Nijar. Waɗanda suka fi shan wuya su ne yara ƙanana. A wannan shekara ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu. Mafi yawansu ɗiyan jihar Maraɗi ne. Gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ku tsaya ku yi tunani. Ba nan ne rumbun ƙasa ba? Ba nan ake samun ruwan sama fiye da wurare da dama ba? To, me ya sa yaranmu suka fi na wasu wurare ramewa? Ga dalilai uku.

Na farko, gonaki sun yi kaɗan. Mutane sun yi yawa, gado ya rarraba ƙasa. Abin da gida ke nomawa ba ya kai shi wata damana.

Na biyu, bashi. Manomi na cin bashi da damana. Da kaka sai ya sai da hatsinsa da araha don ya biya. In bazara ta yi, sai ya sayi hatsin nan da tsada.

Na uku, hannun mata ya zama wofi. Da can mace na da gamanarta, tana noma abin da za ta ciyar da ɗiyanta. Da ƙasa ta yi ƙaranci, mata da yawa suka rasa gamana. Maigida ya rufe rumbu ya tafi cirani. Uwa ta zauna da yara, ba hatsi, ba kuɗi.

Kun gani ke nan. Fari da fara sun zo sun wuce cikin shekara ɗaya. Amma sun tarar da bango a tsage. Ko bayan da damana ta yi kyau, tamowa ba ta tafi ba. Ta dawo da ƙarfi a 2010, ta sake dawowa a 2012. Irin wannan ciwo ba ya jin maganin wata uku. Sai an sami mai zama.

Su wane ne sistoci?

Wataƙila kun taɓa ganinsu a Maraɗi, a kasuwa ko a gidan likita. Mata ne masu doguwar riga da lulluɓi a kai. Kirista ne, ƴan ɗariƙar Katolika. A Najeriya ana ce wa kowacce sista. Da Faransanci ma sunan da ake kiransu da shi ma'anarsa ƴar'uwa.

Sista mace ce da ta ba da rayuwarta ga bautar Allah da hidimar mutane, bisa ga addininta. Ba a tilasta mata. Takan yi shekaru tana koyo kafin a karɓe ta. Sannan ta ɗauki alkawari uku a gaban jama'arta.

Alkawari na ɗaya, ba za ta tara dukiyar kanta ba. Abin da ta samu na ƙungiya ne.

Alkawari na biyu, ba za ta yi aure ba.

Alkawari na uku, za ta yi biyayya. Inda shugabarta ta aike ta, nan za ta je.

Wannan ba al'adarmu ba ce. A wurinmu mace takan yi aure, ta haihu, ta riƙe gida. Amma ku lura da abin da alkawuran nan ke jawowa. Mace mai miji da ɗiya dole ta fara da gidanta. Ita sista ba ta da gida sai inda aka aike ta. Shi ya sa takan iya zama wuri ɗaya shekara da shekaru. Da yawa cikinsu sun yi karatun jinya, ko na ungozoma, ko na koyarwa.

Akwai irin waɗannan mata a ƙasashe da yawa. Wadda ta fi suna a duniya ita ce Uwa Tereza. Ta kafa ƙungiyarta a 1950 a birnin Kalkata, ƙasar Indiya. Ta yi aiki cikin unguwannin matalauta har ta rasu a 1997. A 1979 an ba ta lambar yabo ta Nobel, ta zaman lafiya. Amma ba sai mun je Indiya ba. Muna da misali a kusa da mu.

Ƙungiyar da aka haifa a ƙasar Maraɗi

Kirista a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Duk da haka ɗariƙar Katolika na da lakwal-lakwal da gidajen likita tun da daɗewa. A 2001 aka ba Maraɗi nata babban limamin Katolika. Na farko shi ne Amburwaz Wedrawogo, mutumin Burkina Faso. A 2005 kuma ɗariƙar ta kafa ƙungiyarta ta agaji da raya karkara, mai suna CADEV.

A lokacin nan ne wata sista ta zo daga Senegal. Sunanta Mari Katarin Kingbo. Ba ƙaramar mace ba ce a can. Ta yi shekara 12, daga 1988 zuwa 2000, tana shugabancin wata tsohuwar ƙungiyar sistoci ta Senegal. Bayan haka ta tafi karatu a Faransa. Cikin abin da ta karanta har da sanin addinin Musulunci. Da ta gama, ba ta koma kan kujera ba. Ta zaɓi ta zauna cikin Musulmi talakawa.

A watan Oktoba na 2006 ta kafa sabuwar ƙungiya a ƙasar Maraɗi. Ma'anar sunan ƙungiyar ita ce Masu Hidimar Almasihu. Ita ce ƙungiyar sistoci ta farko da aka haifa a nan Nijar. Ku duba shekarar da kyau: 2006. Shekara ɗaya ke nan bayan yunwa. Lokacin da wasu ke naɗe kaya, lokacin ne ita ta shimfiɗa tabarma.

Sun fara su kaɗan. Sannu a hankali ƴan mata daga ƙasashen Afirka ta Yamma suka shigo. Suka zauna a Tibiri, garin Sarkin Gobir, da wani ƙauye mai suna Ɗan Bako. Aikinsu ya kai ƙauyuka fiye da 100. Uwa Mari Katarin ta rasu a 2021. Ta bar ƙungiyar a hannun matan da ta horar.

Yadda suka tsara aikinsu

Ba su zo da abu ɗaya ba. Sun kama matsalar ta wuri huɗu.

Wuri na farko shi ne yaro mai tamowa. Sun buɗe gidan ciyar da yara a Ɗan Bako. Uwaye na zuwa daga ƙauyuka da ɗiyansu a baya. Ana auna yaro. Ana rubuta nauyinsa. Ana ba shi abincin da ya dace, a kuma taimaki uwar da mata masu ciki. Ana yi wa uwa bayani a kan shayarwa da tsabta. Mace ce ke magana da mace. Uwar da ke jin kunyar faɗa wa namiji damuwarta takan faɗa wa ƴar'uwarta mace. Ai ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne.

Wuri na biyu shi ne hannun uwa. In an warkar da yaro ya koma gidan da babu komai, bayan wata uku zai dawo. Don haka suka riƙa ba mata ƙaramin rance, su ja jari, su yi sana'a, su biya. Ribar ƙuli-ƙuli ko ta ƙosai ba ta da yawa. Amma ita ce ke sayen tiyar hatsi ranar da rumbu ke rufe.

Wuri na uku shi ne ilimi. Sun gina lakwal a Tibiri, tare da wurin kwana na ƴan mata. Yarinyar da ta yi karatu za ta san karanta takardar likita. Za ta san lissafin jarinta.

Wuri na huɗu shi ne manyan gari. Uwa Mari Katarin ta riƙa kiran taro na masu gari da limamai. Ana zama ana tattauna auren wuri da lafiyar mata. Me ya haɗa auren wuri da yunwa? Ga shi. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna cewa a Nijar ƴan mata 3 cikin 4 ana yi musu aure kafin su kai shekara 18. Yarinyar da jikinta bai ƙosa ba, in ta yi ciki, haihuwa na ba ta wuya. Jaririnta yakan zo ƙarami. Irin wannan jariri shi ne tamowa ke fara kamawa. Sistocin ba su tsallake shugabanni ba. Sun bi ta ƙofa. Sun san in liman da maigari suka faɗi magana, gari na ji.

Tambayar da ke cikin zukata

Mun san akwai tambayar da wasu ke yi a ɓoye. Gara mu fito da ita fili. Suna cewa: "In matata ta kai yaro wurin Kirista, ba za su raba ta da addininta ba?"

Ga amsa. Sistoci ba su ɓoye addininsu. Addininsu ne ya sa su wannan aiki, kamar yadda Musulmi ke fid da zakka da sadaka don Allah. Amma mutanen da suka yi wa aiki a ƙauyukan nan kusan dukansu Musulmi ne. Limamai sun zauna da su, sun ji bayaninsu, sun kuma faɗi nasu. Ma'aunin yaro ba ya tambayar addini. Tamowa ma ba ta tambaya.

Ku riƙe wannan ƙa'ida. Taimakon gaskiya ba ya da sharaɗi. Ko daga wa ya fito, Musulmi ko Kirista, ɗan ƙasa ko baƙo, ba a sayen addinin mutum da buhu. Ba a sayen mutuncin mace da katin abinci. In wani ya ce sai kun ba da kuɗi kafin a rubuta sunanku, ko ya nemi wani abu da bai dace ba, ku kai maganar ga maigari da hukuma. Amma kada zato ya sa ku riƙe yaro a ɗaki har ya mutu.

Mun ga abin da fushi ke jawowa. A watan Janairu na 2015 an yi tarzoma a Damagaram da Yamai. An ƙone majami'u da yawa. Mutum 10 suka rasa rayukansu. Wutar ta ci har da azuzuwan da ɗiyan Musulmi ke karatu a ciki. A ranakun nan an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. Su ne suka nuna halin ƙasarmu na gaskiya. Sistocin Tibiri kuwa ba su bar ƙasar ba. Sun ci gaba da aikinsu.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

To, ƴan'uwa, sistoci kaɗan ne, ƙauyuka kuwa dubbai. Ba za su iya zuwa kowane gida ba. Ba mu ba ku labarinsu don ku zauna jiran su ba. Mun ba ku ne don ku ga dabarar. Dabarar ita ce: a zauna kusa, a duba yaro da wuri, a ƙarfafa uwa, a rubuta komai. Wannan kowane gari zai iya. Ga abubuwa biyar da za ku koya yau.

Na ɗaya: awon dantse. Akwai wani ɗan zare mai faɗi, mai launi uku, da ake samu a gidan likita. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ana naɗa shi a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a matse, kada a sassauta. In ya nuna kore, yaro na lafiya. In ya nuna rawaya, yaro ya fara ramewa, a kai shi likita cikin makon nan. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi yau. A ƙasar Mirya, jihar Damagaram, an koya wa uwaye wannan awo. An ga sun iya shi sarai, ko da ba su yi lakwal ba.

Na biyu: duban ƙafa. Ku danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsunku. Ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ku ɗaga. In rami ya zauna a ƙafa biyun, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba ce. Tamowa ce mai tsanani. A kai shi yau.

Na uku: abincin magani. A gidan likita ana ba yaro mai tamowa wani abinci cikin ƴar leda. An yi shi da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Tun 2005 aka fara yin irinsa a Yamai. Wannan magani ne. Na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Kada a raba wa yayyensa. Kada maigida ya taɓa. Kada a kai shi kasuwa. Wanda ya sai da shi ya sai da ran ɗansa.

Na huɗu: ruwan sha bayan ambaliya. In ruwa ya ci gari, yakan kwashe ƙazantar masai ya zuba cikin rijiyoyi. Daga nan sai zawo da amai. Ba ku manta da 2018 ba. A watan Yuli na shekarar nan kwalara ta ɓulla a Nyelwa, cikin gundumarmu. Ta kama mutum fiye da 3,000, mafi yawansu a ƙasar Madarumfa. Ba ku manta da 2024 ba. Ranar 30 ga watan Agusta ruwa mai yawa ya sauka a Maraɗi cikin ɗan lokaci. Gidaje suka rushe, mutum 15 a ƙalla suka rasu. A wannan damana ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan 1 a Nijar. Saboda haka, bayan ambaliya ku tafasa ruwan sha. Ko ku sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta, ku jira minti 30. Ku rufe randa. Ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga masai.

Na biyar: ruwan gishiri da sukari. In yaro na zawo, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Abin da ya fi kyau shi ne ƙunshin da ake bayarwa a gidan likita. In babu, ku haɗa da kanku. Ku sami lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ku sa sukari ƙaramin cokali 6, a shafe. Ku sa gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku motsa. Ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Uwa ta ci gaba da ba da nono. Sannan ku kama hanyar likita. Wannan ruwa ba ya hana zuwa likita, yana riƙe yaro ne har a isa.

Aikin wanda ya iya karatu

Yanzu mun zo gare ka, kai ɗalibi, da ke ɗaliba. Kun sha wahalar koyon baƙaƙe bayan kun dawo daga gona. Ga ranar amfaninsu.

In masifa ta faru, masu agaji na tambayar abu ɗaya: su wa abin ya shafa? Garin da ba shi da takarda, mai baki ne ke samu. Gwauruwa da tsoho da makaho suna can ɗaki, ba wanda ya ambace su. To, ku ɗauki littafi da alƙalami. Ku bi gida-gida tare da wakilin maigari. Ku rubuta sunan mai gida. Ku rubuta yawan mutanen gidan. Ku rubuta yara ƴan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da masu shayarwa. Ku rubuta ɗaki nawa ya faɗi, rumbu nawa ya jiƙe. Ku fara da gidajen da ba su da mai yi musu magana. In kun gama, ku karanta takardar da ƙarfi a gaban jama'a, don kowa ya ji, a gyara kuskure. Ku ba da ɗaya, ku ajiye ɗaya.

Kada ku ƙara suna, kada ku rage. In kun rubuta ƙarya sau ɗaya, gobe ba mai yarda da takardar garinku.

Ku taimaki maƙwabciya da katin likita. Ku karanta mata ranar da za ta koma. Ku tuna mata in ranar ta zo. Yara da yawa na komawa cikin tamowa don an daina zuwa tun ba a sallame su ba.

Ku riƙe littafin asusun mata. Kun san Mata Masu Dubara. A nan jihar Maraɗi aka fara wannan tsari a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Mata na zuba kuɗi kowane mako, su ba juna rance, su raba riba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Ashe dabarar ba baƙuwa ba ce, tamu ce. Asusun da ke da mai rubutu ba ya watsewa da gardama.

Ku riƙe littafin rumbun tsimi. Gari ya sayi hatsi da kaka, lokacin araha. A ajiye. In damana ta yi tsakiya, a sayar wa ƴan gari da sauƙi. Kowace tiya da ta shiga a rubuta. Kowace tiya da ta fita a rubuta.

Ku kuma magidanta, ga taku. Kafin ku tafi cirani, ku bar wa iyali abin da zai riƙe su. In uwargida ta ce yaro ba shi da lafiya, kada ta jira izini kwana uku. Ku ba ta izinin tun yanzu. Ku faɗa mata a gaban mahaifiyarku: in zaren awo ya nuna ja, ta tafi, ko kuna nan ko ba ku nan.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

Malami ya karanta waɗannan tambayoyi. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, maza da mata. Ɗalibi ɗaya ya rubuta amsoshin.

1. Waɗanne dalilai uku suka sa tamowa ta yi yawa a ƙasar Maraɗi a 2005? Wanne ne ya fi damun garinku?

2. Ta wuri nawa sistocin Tibiri suka kama aikinsu? Ku faɗe su.

3. Me za ku yi in zaren awo ya nuna rawaya? In ya nuna ja fa?

4. A garinku, su wa ake mantawa in an zo rabon taimako?

5. Wa zai riƙe littafin gari in masifa ta faru? Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, tun yau.

Jama'a, a nan za mu tsaya. Waɗansu mata sun baro ƙasashensu sun zo sun zauna da talakawanmu. Mun gode musu, alheri danƙo ne. Mu kuwa a nan aka haife mu, a nan za mu zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya kiyaye mu daga fari da ambaliya. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana ɗiyanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.